Jitar da Aka Goge

Mwadkon bai gama sauke jitarsa daga bayan motar haya ba ya ga hoton. An buga shi a ƙaton ƙyalle, an ɗaure tsakanin bishiyoyin turare, daidai inda hanya ta ratse daga titin Vom zuwa gidan makoki. Malaminsa ne, Da Badung kamar yadda Berom ke kiran dattijo, cikin farar kwat, da murmushin nan nasa na gefen baki. Mwadkon ya san hoton, don shi ya ɗauke shi da kansa a wani otal a Jos. A hoton na ainihi akwai jita a ƙirjin tsohon. A wannan kuwa an goge ta da kwamfuta, an liƙa masa Littafi Mai Tsarki a hannun dama. Hannun hagu ne suka rasa yadda za su yi da shi, sai suka bar shi a sama, yatsu a tanƙware suna danne iska.

Ya tsaya yana kallon yatsun. Har sautin da suke dannawa ya gane.

"Oga Mwadkon! Ka iso?"

Charles ne, babban ɗan marigayin, wanda ke aiki a Abuja. Ya taho da sauri cikin anko, waya a kowane hannu. Ya rungumi Mwadkon da kafaɗa ɗaya, idonsa na kan jakar jitar.

"Wannan kayan fa?"

"Ta babanka ce. Ya ce in kaɗa masa ita a bakin kabari."

"Kai, Oga, kar ka kashe ni yau." Charles ya ja shi gefe, bayan shingen ƙyarana, ya rage murya. "Ka san Baba ya mutu a ƙarƙashin horon ikilisiya. Tun ina firamare suka dakatar da shi saboda kiɗan otal. Sai da na durƙusa wa dattawa, ni da girmana, kafin suka yarda Fasto Natana'el ya zo ya yi jana'iza. Sharaɗi ɗaya suka ba mu. Ba jaz, ba wannan jar jitar."

"A cocin ma ai ana kaɗa jita."

"Ta coci daban. Wannan kowa ya san wuraren da ta shiga. In ka buɗe jakar nan, Fasto zai rufe littafinsa ya shiga mota, dattawa su bi shi. Mu tsaya da akwati a rana? Mama fa? Shugabar Zumuntar Mata ce, ga matanta can sun cika rumfa."

"Shi ne kuka cire masa hannu a hoto."

"Ba a cire hannu ba, gyara aka yi." Wayar Charles ta yi ƙara, ya kashe. "Ka ji, na riga na gaya wa mai makirufo za ka yi mana kundung. Gargajiya. Baƙina na Abuja za su so. Ai kai komai kana taɓawa, ko ba haka ba?"

Haka ne, komai yana taɓawa, kuma Badung ne ya sa. Tun ranar da Mwadkon ya fara zuwa ɗakinsa a Gada Biyu, cikin Jos, yana saurayi, da niyyar koyon jita kaɗai, tsohon ya ƙi ba shi ita. Ya miƙa masa saksafon ya ce ya busa har numfashinsa ya ƙare, don ya san inda ake hutawa a cikin waƙa. Daga nan molo. Daga nan kundung, kayan kiɗan Berom, jerin itatuwa da ƙahonin shanu a ƙarƙashinsu, ana dukansu da sanduna masu kan roba. Sai da hannun Mwadkon ya yi kanta sannan aka ɗora masa jita a cinya. Badung ya ce duk mai jitar da bai san wahalar sauran kayan kiɗa ba, surutu zai riƙa yi a kan mutane.

A wannan ɗakin dai tsohon ya ƙare. Ciwon suga ya ci ƙafarsa, ɗakin ya ɗauki wani wari da ko turaren wuta bai iya da shi ba. Mwadkon ne ke tasowa daga Tudun Wada a keke yana wanke gyambon. Charles yakan kira a waya. Matar marigayin, Ngo Loyis kamar yadda Berom ke kiran uwa, tun da aka yi masa horo ta koma ƙauye da zama. Takan aiko da acca da dankali, wani lokaci ta zo da kanta ta zauna a bakin ƙofa. Wata rana da hantsi, Mwadkon yana naɗa bandeji, Badung ya nuna jitar da ke rataye a bango da haɓarsa.

"Ka ɗauke ta, taka ce. Amma ranar da za a sa ni a rami, ka kaɗa min 'Ta Makara' da ita. Ba na son kuka, ba na son dogon wa'azi. Wannan kawai."

"Na ji, Da."

"Ban ce ka ji ba. Na ce ka yi."

"Zan yi."

"Ta Makara" kiɗa ne da Badung ya tsara tun kafin a haifi Charles, mai tafiya a hankali, ba shi da kalmomi. Da shi yake rufe kowane wasa. Bai taɓa faɗin wadda ta makara ba.

Mwadkon ya sami kujera a ƙarshen rumfa, ya jingina jakar a tsakanin ƙafafunsa. Aka fara sujada. Janareta na gurnani a bayan gida, sifika na tsagewa. Duk inda ya juya, hannun nan ne: a rigunan samari, a robobin ruwa, a bokitan da aka jibge a gefe don rabawa. Yatsu a tanƙware, babu komai a cikinsu.

Aka shiga ba da shaida. Wani dattijon ikilisiya mai suna Dantong ya karɓi makirufo, ya ce marigayi mutum ne da ya ba da baiwarsa ga Ubangiji tun ƙuruciya. Mwadkon ya san Dantong sarai. Akwai shekarun da ba Asabar ɗin da ba ya zaune a teburin kusa da dandamali, kwalba a gabansa, yana ihu a sake masa "Ta Makara". Yanzu ga shi yana share ido da hankici. Bayansa wani ya ce marigayi ba ya fashin coci. Wata ta ce muryarsa a ƙungiyar mawaƙa har yau tana kunnenta, alhali Badung ko a bayan gida ba ya waƙa, muryarsa kamar ta tsohon rago ce. Jama'a na cewa amin. A bayan rumfa kuwa har an fara cacar baki kan shinkafa, wata mata ta cusa robobin abinci a jaka tana cewa na maƙwabta ne.

 Mwadkon ya tofar da yawu a gefe.

Abin da ya fi damunsa shi ne ya kasa tsayar da zuciyarsa wuri ɗaya. Ya yi alkawari, wannan ba gardama. Amma wanda ya yi wa alkawarin yana cikin akwati, kunya ba ta ƙara kama shi. Wadda kunya za ta kama tana can gaba a zaune, da farin ɗankwali, gobe kuma ita ce za ta bi ta gaban matan nan zuwa rijiya. Ya tambayi kansa ko tausayinta yake ji, ko kuwa tsoro ne ya sami rigar tausayi ya sa. 

Da aka tashi za a nufi kabari, ya kutsa har inda Ngo Loyis take, ya rusuna.

"Ngo, sannu da haƙuri."

"Sannu, Mwadkon. Na ji duk abin da ka yi masa. Ubangiji ya sāka."

"Ngo, ya bar mini saƙo. Kan jitar."

Ta dubi jakar da ke bayansa sau ɗaya, ta kau da kai.

"Yi abin da Charles ya ce."

An haƙa kabarin a bayan gida, gab da gonar dankali, inda manyan duwatsu suka yi inuwa. Fasto Natana'el ya yi addu'a, aka saukar da akwati da igiyoyi. Sai mai makirufo ya ɗaga murya: "Kafin a zuba ƙasa, za mu ji kiɗan iyaye da kakanni! A tafa wa Mwadkon!" Aka tafa, a bakin kabari. Wani ya kawo kundung, aka rataya masa a wuya. Charles da kansa ya zare jakar jitar daga kafaɗarsa, ya jingina ta a bayan wani dutse, inda kyamara ba za ta kama ba.

Mwadkon ya riƙe sandunan. Ya leƙa ramin, ya ga murfin akwati mai sheƙi da ƙasa ta fara ɓata shi. Ya fara da ɗan kiɗan gargajiya da kowa ya sani, mata suka soma gyaɗa kai. Daga nan ya sassauta, ya sassauta, har hannunsa ya faɗa cikin "Ta Makara".

Ba a yi kiɗan don kundung ba. Itatuwan ba su da yawa, kowanne da sautinsa guda, ba a lanƙwasa shi yadda ake jan tsirkiyar jita. Mafi yawan waƙar ta shiga, ƙahonin suna ba ta wata ziza da ba ta taɓa samu ba. Amma akwai sauti ɗaya a ƙarshen kowane zagaye, wanda Badung yakan ja da yatsa ya riƙe har sai mutane sun daina tauna. Wannan ba ya cikin itacen ko ɗaya. Da Mwadkon ya iso wurin, sandarsa ta tsaya a sama. Ya bar gurbin haka nan, ya wuce.

Ba wanda ya tashi. Fasto Natana'el na kaɗa ƙafa a hankali, ido a lumshe. Baƙin Abuja sun ɗaga wayoyi. Dantong kaɗai ya ɗago kai da sauri, suka haɗa ido da Mwadkon, sai dattijon ya mai da kallonsa kan takalmansa.

A zagaye na biyu, da sandar ta sake tsayawa, wani ya cike gurbin. Murya ce ƙasa-ƙasa, ta hanci, baki a rufe. Ta hau sautin daidai, ta ɗan lanƙwasa shi, ta riƙe. Mwadkon bai juya ba. Ya san daga ina ta fito, don Ngo Loyis ce tsaye a damansa, matan zumunta sun riƙe ta ta kowane gefe. Su a zatonsu kuka take. Ɗaya har tana shafa mata baya tana cewa, "Yi haƙuri, Mama, ya huta."

Ya sake zagayowa, ta sake cikewa. Haka suka kai ƙarshe.

Aka zuba ƙasa. Jama'a suka watse da gudu-gudu zuwa wajen rabon bokitai. Mwadkon yana sauke kundung ɗin sai ya ji ta a kusa da shi, ita kaɗai.

"Ka yi sauri a tsakiya," ta ce, ba ta dube shi ba. "Shi yakan jira."

"Ngo, ashe kin san shi."

"Motar Vom ce ta lalace a hanya ranar. Ya yi ta jirana a otal ɗin, har ya gaji ya tsara wannan." Ta gyara ɗankwalinta. "Na yi rawa da shi har takalmina ya tsinke."

Kafin ya ce wani abu, Charles ya iso, Fasto Natana'el na biye da shi da farantin nama a hannu.

"Oga, ka gama da ni! Ka ga abin da nake faɗa? Namu ya fi na otal sau dubu."

"Ƙwarai," in ji Fasto, yana tauna. "Wannan na biyun ya taɓa ni. Ina so mawaƙanmu su sa masa kalmomi, mu riƙa yi a sujada. Wane kiɗa ne, Mama? Na da ne sosai, ko?"

Ngo Loyis ta ɗago. A karo na farko ranar ta dubi Mwadkon ido cikin ido.

"Na kakanni ne," ta ce. "Tun muna yara muke jinsa."

Fasto ya juyo wurinsa, maiƙo a leɓensa, yana jiran mai sana'a ya tabbatar.  Wannan karon ba inda Mwadkon zai tofar da yawu, sai ya haɗiye.

"Haka ne," ya ce.

Ya je bayan dutse ya ɗauki jitar. Wani ya riga ya ɗora mata bokiti a kai, rabonsa, da hoton a jiki. Ya ajiye shi a ƙasa, ya kama hanyar titi. Bai yi nisa ba wata mata ta biyo shi da gudu tana kira, ta ce ya manta kayansa, ta rataya masa bokitin a hannu.