Farin Zani a Bayan Tukunya

Tun ranar da Praise ta tafi ƙasar Holan ƙaro karatu, uwarta Monica ta samu sabon aiki a gida: riƙon waya. Yarinyar tana digiri na biyu ne a kan zane da ƙira, wato fitar da siffar kujera ko fitila ko kofi kafin a ƙera su. Monica dai ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya tsallaka teku don koyon yin kofi ba. In an tambaye ta a zumuntar mata ta coci, cewa take, "Injiniya ce," ta wuce abinta.

A shekarar farko Praise ta turo hoton wata kujera mai ƙafa uku. Ubanta Dominic, tsohon soja, ya juya wayar sama, ya juya ƙasa, ya ce, "Ɗayar ƙafar fa? Katakon ne ya ƙare?" Daga baya sai ga fitila da aka yi da tsohuwar ragar kamun kifi. Tana ba su labarin sanyin garin, da keken da take hawa cikin ruwan sama, da kwanukan da take wankewa a wani gidan abinci har yatsunta su tsage. Dariya take yi in tana faɗa, amma uwa ba ta rasa gane dariyar da aka yi don kada a yi kuka.

Da aikin ƙarshe ya zo, wanda a kansa za a ba ta digirin, malamanta suka ce ta kawo abin da ya fito daga gidansu. Sai ta tuna da kakarta Saloma, uwar Dominic, maginiyar tukwane da ba ta da ta biyu a unguwarsu a Zuru. Ba randa Praise take so ba, ba tulu ba. Irin tukunyar nan take so wadda mutanen dā suke ɗorawa a kan kabari, mai dogon wuya da 'yan ƙananan tukwane a kafaɗa.

Monica ta riƙe wayar a gaban tsohuwa.

"Ke 'yar Turai," in ji Saloma, "wa ya mutu?"

"Kaka, ba wanda ya mutu. Makaranta zan nuna wa."

"To makarantar ce ta mutu?"

Praise ta ƙyalƙyale da dariya. Ita a barikin soja aka haife ta, a can ta girma, yau Kaduna gobe Jos, Zuru kuwa sai hutun Kirsimeti. Ba ta san cewa a hannun Saloma irin wannan tukunya ba ta tashi sai da sunan mai ita ba. Tsohuwa ta ce ba za ta gina wa iska tukunya ba, ta juya baya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Aka yi roƙo, aka yi magiya, ko gezau.

Ana nan, damina ta ja baya, ƙafafun Saloma suka fara kumbura. In ta tashi daga tabarma zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya ta nemi numfashi. A asibiti aka ce zuciya ce, aka ba da ƙwayoyi. Ran da suka dawo, tsohuwa ta kira Monica.

"Ɗiyata, a ɗebo mini yumɓu. Ki kira 'yar Turai, ki ce na yarda."

Monica ta matso kusa da ita. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ta wa ce?"

"Kai, Uwar Praise! Kina tambaya kamar baƙuwa." Ta kama hannunta. "Kada ki faɗa mata. Bari yarinya ta gama abin da ta je yi."

Haka aka fara. Kullum da hantsi Saloma ta zauna a inuwar ɗorawa, Monica ta tsaya a kanta da waya har kafaɗarta ta ƙage. Tsohuwa tana murza yumɓu tana ɗora shi zobe a kan zobe, tana shafe shi da tsingaro, tana mirgina totuwar masara a wuyan don zane ya fito. Daga can Praise tana ta murna.

"Mama, matso kusa! Dubi yadda layin nan ya karkata. Kaka, da gangan kika yi?"

"Hannu ne ya yi rawa," in ji Saloma.

"Wallahi ya fi kyau haka!"

Monica ta kau da fuska. Ita tana ganin zufar da ke bin wuyan tsohuwa, tana jin numfashin da ke fita kamar ana jan guga. Wayar kuwa hannuwa kawai take nunawa, don abin da Praise ta ce a nuna ke nan.

Kafin yumɓun ya bushe, Saloma ta danna babban yatsanta a can ƙasan tukunyar, daidai inda take zama, kamar yadda take yi wa duk abin da ta gina. Praise ta yi ihu sai da wayar ta yi ƙara. Ta ce wannan tambarin yatsa shi ne zuciyar aikinta gaba ɗaya, a kansa za ta yi rubutun, shi za ta buga babba a bango ranar baje koli. Saloma ta ce, "Oho dai. Yatsa ne."

Aka gasa tukunyar da karan dawa, aka yayyafa mata makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, tana da zafi, ta fito ja mai duhu, ba tsaga ko ɗaya. Ba a gama girbin dawa ba Saloma ta rasu.

Fasto ya yi addu'a, aka rufe ta a kan tudun bayan gida kusa da mijinta, aka kafa gicciyen katako. Da mutane suka fara watsewa, tsofaffin matan dangi suka ɗauko tukunyar suka girke ta a wajen kai. Fasto ya ga abin, ya duba agogonsa, ya gangara. Babbar tsofaffin ta ce wa Monica, "Ta zauna ke nan. Ba mai ɗaga ta, sai dai ruwa da iska su fasa."

Dominic ya tara gidan ya kafa doka irin ta bariki. Ba wanda zai sa hoto a waya, ba wanda zai faɗa wa Praise sai ta gama.

"Baban Praise, kakarta ce fa," in ji Monica.

"Uwata ce ni ma. In ta ji yanzu za ta watsar da komai ta hau jirgi. Wahalar da ta sha ta tafi a banza? Ita Mama mi ta ce miki?"

Monica ta tashi ta shige ɗaki. Mai rai ya ɗaure ta, matacciya ma ta ɗaure ta.

Daga nan ƙarya ta zama abincinta. Kaka tana barci. Kaka ta tafi Danko wurin ƙanwarta, can kuma ba sabis. Kaka ta ce a gaishe ki. Matar da ke jan waƙa a zumuntar mata ranar Lahadi, ita ce ke shirga ƙarya ranar Litinin, kuma kowace ta fi ta jiya sauƙin fita. Wannan sauƙin ne ya fi ba ta tsoro. Ta daina iya cin tuwo in waya ta yi ƙara.

Sai ga saƙon da take gudu. Baje koli ya matso, Praise tana son hoton tukunyar da aka gama: da hasken safe, a sa farin ƙyalle a baya, kada komai ya fito sai tukunyar.

Monica ta sami Dominic a ƙofar gida. "Ko mu sauko da ita, a ɗauka, mu mayar?"

Ya daɗe yana kallon tudun. Mutumin da ya je yaƙi ya dawo, sai ga shi yana murza hularsa. "Ni ba zan taɓa ta ba," ya ce. "Ke ma kada ki taɓa."

Da gari ya waye ta ɗauki farin zanin gadonta da sanduna biyu ta hau tudun. Ta kafa sandunan a bayan tukunyar, ta ɗaura zanin ya rufe gicciyen. Ta ce, "Mama, ki gafarce ni," ta ja da baya, ta saita wayar yadda jar ƙasar kabarin ba za ta shiga ba. Ta ɗauka, ta tura.

Ko sandunan ba ta cire ba kira ya shigo, na bidiyo. Ga Praise cikin rigar sanyi, idanu sun faɗa don rashin barci, bayanta bango cike da zane-zanen tukunyar.

"Mama, sun yi kyau sosai! Amma duk kin yanke ƙasanta. Yatsan Kaka nake so. Juya kyamarar, ni zan ɗauka daga nan."

"Sabis ba kyau, Praise."

"Ras nake ganinki. Ina ne nan ma? Juya mana."

A cikin gida sai an ɗaga waya sama ana neman sabis kamar mai kiran kaji. A kan tudun nan kuwa, a duk unguwar ba inda ya fi shi ƙarfi. Monica ta roƙi Allah ya yanke layin, ko batir ya mutu, ko wani ya ƙwala mata kira daga gida. Ba abin da ya faru. Ta juya kyamarar.

"Yawwa. Ƙasa kaɗan. Ƙara. Mama, hannunki na rawa. Ƙara kaɗan."

Ta ƙara. Tambarin yatsan ya fito, rabinsa a nutse cikin jar ƙasa. Ƙasar ta fito, tudunta da duwatsun da aka jera a gefe. Iska ta ɗaga gefen zanin, ƙafar gicciyen ta leƙo.

Wayar ta yi tsit, har Monica ta zaci addu'arta ce ta karɓu a makare. Can ta ji numfashi.

"Shi ya sa ta yarda," in ji Praise, da wata ƙaramar murya irin ta lokacin da take firamare.

"Praise, ɗiyata, babanki ne ya ce... ita ma ta ce..."

"Tun tana ginawa kin sani?"

"Na sani."

Monica ta jira ihu, ta jira zagi ma, da ta samu da ta ji sauƙi. Ta kai yatsa za ta juyo da kyamarar don su ga juna.

"A'a, Mama. Kada ki juya, kada ki kashe. Riƙe mini haka."

Monica ta durƙusa a kan jar ƙasar, ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun don rawar ta ragu, ta ci gaba da riƙe wayar.