Taku Goma Sha Biyu

Kwana goma sha tara Rifkatu ta yi tana buga ƙofofin mutane a bazarar 1976, har dugadugan takalminta suka cinye. Ofishinsu na ƙididdiga aka ɗora wa aikin gano unguwannin da suka fi shan wahalar ruwa a arewacin Kaduna, don a san inda za a kafa sababbin famfunan titi. Ita kuwa a Unguwar Dosa take zaune da mahaifiyarta, Mama Talatu, wadda tuni ta baza wa layinsu kaf cewa famfo na tafe, tunda 'yarta ce mai rubutawa.

Ba zai yiwu a shiga kowane gida ba. Don haka shugabansu, Malam Sambo, ya yayyanka lambobin gidaje a 'yan takardu, ya zuba cikin hularsa, ya girgiza, ya zaro ɗari da hamsin. Mutumin kirki ne, sai dai in ya fara bayani har shayinsa ya huce bai kai rabi ba.

"Adalcin ke nan," in ji shi. "Ba ni na zaɓa ba, ba ke kika zaɓa ba. Kowane gida damarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa."

Tambayoyin takardar iri biyu ne. Akwai waɗanda amsarsu kalma ce: rijiya, rafi ko famfo. Akwai waɗanda amsarsu lamba ce: mutum nawa a gidan, bokiti nawa a wuni, taku nawa zuwa wurin ruwa. Rifkatu ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta sha haushin karnukan Unguwar Rimi da tsawar masu gadi. Wata matar babban ma'aikaci har dariya ta yi mata.

"Taku nawa? Daga ina, daga falo?"

Suka ƙirga tare. Goma sha biyu.

Ranar da ta zauna haɗa amsoshin ne ta gane akwai matsala. Famfo, famfo, famfo, tun daga saman shafi har ƙasa. Ta ɗauki takardun ta shiga ofishin Malam Sambo.

"Ranka ya daɗe, lambobin nan da aka zuba a hula, daga ina aka kwaso su?"

"Daga rajistar gidajen da aka ja wa ruwa mana. Ita kaɗai ce mai cikakkun lambobi."

Yana rufe baki shi ma ya ji abin da ya faɗa. Ya cire tabarau, ya daɗe yana murza idanu.

"Malama Rifkatu, ranar Juma'a ake jiran rahoton nan. Gidan da ba shi da lamba, ta ina zan sa shi a hula?"

"Namu ba shi da ita, ranka ya daɗe."

"To, rubuta a gurbin ƙarin bayani."

Ta rubuta, layi huɗu, da kyakkyawan rubutunta na makarantar mishan. Ta san sarai ba mai lissafa abin da ke wannan gurbi. Rahoto ya tafi ranar Juma'a yana cewa jama'ar arewacin Kaduna kusan duk ruwa a gindinsu yake. Kuskure ko ɗaya babu a lissafin, kuma ita ce ta yi shi da hannunta. Ko fushin ma ta kasa yi, gajiya ce kawai ta danne ta.

Da la'asar ta iske Mama Talatu a ƙofar gida tana naɗa gammo, ga bokiti biyu a gefe.

"Kin dawo? An kai takardar? Kin dai rubuta mu ko?"

"Na rubuta, Mama. Kawo in ɗebo."

Ta tuɓe takalman ofis, ta ɗauki bokitan, tsohuwar na biye da ita tana dafa ƙugu. Ba da niyya ba bakinta ya kama ƙirga, don kwana goma sha tara sun sabar masa da hakan. Sun wuce injin niƙa a taku ɗari huɗu, sun wuce coci a ɗari tara. A bakin rijiya ta tsaya kan dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in, ba ta da inda za ta rubuta shi.

Mata sun yi layi da tuluna da garewani. Mama Talatu ta ɗaga murya, fuskarta cike da alfahari.

"Ku ƙara haƙuri kaɗan. Ga ta nan, ta ce ta rubuta mu."