Yatsu Biyu Daga Jikin Hita

Sifanar da Farfesa ya ɗaga ta sauka a bayan hannun Ornella kafin ta gama ɗaure wayar ma'aunin zafi. Ta ji ƙarar ƙashi. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a kan siminti ta rungume hannun.

Farfesa Gualtiero na tsaye a kanta yana haki. Shekara goma sha ɗaya take masa aiki a wannan tsohon sito na bayan garin Ferrara, tana kula da na'urar da yake cewa tana fitar da zafi fiye da wutar da take ci. Wutar lantarki wat ɗari biyar ke shiga, ɗari shida da arba'in ke fita. Gobe masana biyu za su zo su gani da idonsu.

Da safen nan ta yi abin da ya daɗe yana hana ta. Ta zazzage garin ƙarfen nikel ɗin da aka ce shi ke haifar da zafin, ta kunna na'urar ba komai a ciki, don ta gwada ma'aunin kansa. Ya sake nuna ɗari shida da arba'in. Sai da ta yi awa guda da tocila kafin ta ga kan ma'aunin jikin hita yake taɓawa, ba ruwan da ke bi ta cikin na'urar ba, wanda shi ya kamata ya auna. Ta matsar da shi yatsu biyu, lambar ta faɗo ɗari biyar.

"Wa ya sa ki?" in ji Farfesa. "Ke da na tsinto a shagon gyaran firij?"

"Ko firij, Farfesa, sai an gwada ma'auninsa."

Ya fizgi kwamfutarta ya maka da bango. Gilashi ya watsu har cikin gashinta.

"Kuskure ne kawai," ta ce. "A faɗa musu gaskiya. Zan ce ni na ɗaura shi ba daidai ba."

Ya durƙusa, ya zura hannu ɗaya bayan na'urar, ba tocila, ba tabarau, ya lalubo wayar ya mayar da ita jikin hita ya naɗe ta da salatif. Lambar da ke allo ta hau a hankali, ta tsaya a ɗari shida da arba'in cif.

Ornella ta kalli allon, ta kalle shi.

"Tun yaushe ka san wurin, Farfesa?"

Ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya ɗauki makullin mota.

"Tashi mu je asibiti, hannun yana kumbura," ya ce. "In sun tambaya, ƙofa ce ta datse ki."