Yatsu Tara a Takardar Akawu

Digogi arba'in da biyu ne a jingine a gindin ƙirya, bakin sabuwar hanyar da ake yi daga Gusau zuwa Bunguɗu, kuma ko ɗaya ba a ɗaga ba tun safe. Kwana uku ke nan da leburori suka ajiye aiki. An gaya musu cewa tun da aka gama yaƙin Jamus aljihun gwamnati ya rame, saboda haka ladan yini ya sauko daga nai, wato kwabo tara, zuwa sisi, kwabo shida. Kwandon marmara kuwa nauyinsa na nan yadda yake.

Labbo helluma, shugaban leburorin, ya fi kowa shiga uku. Shi ya bi ƙauyukan Tsafe gida gida ya ɗebo rabin mutanen nan, ya yi wa iyayensu alkawarin nai.

Rana ta take tsaka sai ga Malam Ɗahiru akawu a ƙasa, takarda a hammata, kwalbar tawada a hannu. Shi ke kiran suna kowace safiya, kuma da bakinsa aka ji labarin ragin. Ya yi sallama. Mutum biyu ko uku suka amsa ciki-ciki.

"Helluma, zaman nan ba zai kai kukanku ko'ina ba," in ji shi. "Na rubuta takardar koke zuwa ga manya a Sakkwato. Abin da ya rage kowa ya dangwala yatsa."

Jatau, wanda ya yi dakon kayan soja har Kamaru, ya tofar da tsinken bakinsa.

"Wa ya aiko ka, Malam?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ni ma an zabtare mini albashi."

"Allah sarki. To karanta mana."

Malam Ɗahiru ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa. Magana ce mai ladabi, ta ambaci tsadar dawa da nisan gida.

"Abin da bakinka ya faɗa ke nan," in ji Jatau. "Abin da takardar ta faɗa fa? Duk cikinmu wa zai gane ko cewa ta yi ga masu tada fitina nan?"

Labbo ya dubi akawun, yana neman wata alama a fuskarsa. Zufa kawai ya gani, ita kuwa zufa kowa na yin ta a wannan rana. Ya tuna shekara biyu suna aiki tare mutumin nan bai taɓa cin ladan kowa ba. Ya kuma tuna bai taɓa zama ya ci tuwo da su ba.

"Kawo tawadar," ya ce.

Mutum takwas suka bi bayansa. Sauran suka sunkuyar da kai.

Daga ranar sansanin ya rabu biyu ba tare da an yi faɗa ba. Waɗanda suka dangwala ko ƙurar doki suka hango sai gabansu ya faɗi, su ce dogarai ne. Waɗanda suka ƙi kuwa suka fara raɗa cewa wataƙila an yi wa taran nan alkawarin wani abu a ɓoye. Yari mai ɗebo ruwa ya rantse ya ga akawun ya shiga masaukin Bature mai duba hanya har sau biyu, ya daɗe a ciki. In Labbo ya doso wurin hira, sai a koma zancen damina.

Matarsa Amina ta aiko daga Tsafe cewa dawar rumbu ta kai ƙasa. Bai aika da amsa ba.

Rana ta goma sha ɗaya Baturen ya zo a kan doki, da wani sabon akawu a bayansa. Aka sanar da cewa ladan yini ya zama sisi da kwabo, wanda bai ɗauki digarsa gobe ba a kawo wani a madadinsa. Ba a kori kowa ba. Ba a ambaci takarda ba. Da Labbo ya tambayi sabon akawun ina Malam Ɗahiru, sai ya ce, "Ba ya aiki nan," ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

"Na gaya muku," in ji Jatau. "Ya gama aikin da aka sa shi, an ɗaga shi Sakkwato."

Suka koma aiki.

Bayan wata biyu Labbo ya je ganin gida. Yana ratsa kasuwar Tsafe sai ya hangi wani mutum a kan guntuwar tabarma kusa da 'yan goro, yana rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa. Rigar ta koɗe, amma zaman nan na miƙe da baya bai canja ba.

"Malam! Kai ne a nan?"

"Ni ne, Helluma. Yaya aiki?"

Labbo ya tsuguna. Sai da tsohuwar ta tafi ya ce, "Takardar ta isa kuwa?"

"Ta isa. Suka ce in faɗi masu yatsun, na ce na manta. Rubutun kuwa ba sai sun tambaya ba, sun san hannuna, sai suka sallame ni."

"Shi ya sa ka yi ta shiga wurin Bature?"

"Kirana ake yi." Ya rufe kwalbar tawada. "Nawa aka mayar muku?"

"Kwabo ɗaya."

Malam Ɗahiru ya yi ɗan murmushi. "To, ba a tashi a banza ba."

Duk tsawon hanyar komawa Labbo yana shirya abin da zai gaya wa mutanensa. Zai ce sun ci amanar bawan Allah da zato. Zai ce kowa ya kawo ko tafin dawa ne a haɗa a kai masa.

Da aka tashi hutun azahar ya ba su labarin tun daga farko. Wasu suka yi salati. Jatau ya bari har ya gama.

"Ka ga takardar korar tasa?"

"Ko na gan ta, karantawa zan yi?"

"To." Jatau ya karkaɗe kwandonsa. "Duk wanda ke da magana a ciki, a kasuwa yake amayar da ita, ga kuma mai rubuta wasiƙa da ake gaya wa asirin gida. In da ni ne Bature, nan zan ajiye kunnena."

Labbo ya buɗe baki zai ce rigar mutumin ta koɗe, sai ya ji ashe wannan ma ba hujja ba ce. Ya dubi fuskokin da ke jiran ya ƙara wani abu.

Maganar dawar ba ta fito ba. Ya miƙe ya ce a tashi, rana na tafiya.