Ɗinki na Huɗu

Keken ɗinkin maƙwabciyata ya yi shiru da la'asar. Can sai ga surukarta a ƙofata, ƙafa ba takalmi.

"Malam, fito da motarka. Yarinyar nan ta faɗi."

Yarinyar ta doshi arba'in, 'ya'yanta uku, duk ta tiyata aka ciro su. Tela ce, katanga ce kawai tsakaninmu. Tun safe kekenta ke gudu, ina ta tsaki don ya hana ni karatu. Ashe naƙuda take, tana taka keken don kada a ji nishinta.

Likita ya riga ya yanka mata rana, ya ce ta zo kafin ciwo ya taso: an tsaga wurin sau uku, ga hawan jini, ga shekaru. Ranar ta zo ta wuce tana ɗinki. Ita ce fa ta taɓa maido mini da wando tana cewa, "Malam, wurin nan ya sha ɗinki, ba zai ƙara riƙe zare ba."

A mota kanta na kan cinyar tsohuwar.

"Inna, saura kaɗan fa na haihu da kaina."

"Yi shiru. Wa ya aike ki?"

"Ke kika ce ban san haihuwa ba, miƙo mini su ake yi kamar kaya a kanti."

"Ai wasa nake yi."

Shekaru na yi ina jin wasan nan ta katanga. Ban taɓa jin wanda ya yi dariya ba.

A asibiti suka ruga da ita. Muka zauna a kan benci, mijinta ya iso yana tambayar kowa yadda aka yi, kamar ba a gidan yake kwana ba. Da likitan ya fito, ya ce mahaifar ta yage daidai tsohon ɗinkin, jinin kuma ya ƙi tsayawa. Jaririn dai ya rayu.

Wurin zaman makoki na ji tsohuwar ta katanga tana gaya wa mata: "Jaruma ce. Yini ta yi tana naƙuda, ko tari ba a ji ba."

Bayan mutane sun watse mijin ya roƙe ni in kama masa mu matsar da keken. 'Yar rigar jariri na ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a haɗe, ɗayan a kan tebur. Muka ɗaga shi a haka, zaren na lilo.