Matar Da Ke Cikin Gilashi

Shekara talatin Hajja Yagana tana wankan gawar mata a Gashua, ba ta taɓa jin ko ɗar ba. Ran nan da la'asar ɗanta Fatihu, wanda aiki ya kai Lima, babban birnin Peru, ya kira ta a bidiyo daga gidan tarihi.

"Inna, dubi wannan. An ce shekararta dubu, daga kabari aka tono ta."

Mace ce zaune cikin akwatin gilashi, ta bushe ƙayau, gwiwoyinta a ƙirji, kitsonta bai ko warware ba. Bakin nan a wangame, babu abin da ya ɗaure haɓar. Baƙi sai ɗaukarta hoto suke yi.

Tsikar jikin Hajja ta tashi. Wannan ma akwai wadda ta yi mata kitso, ta suturta ta, ta koma gida da zaton an gama.

"Fatihu," ta ce, "ran da tawa ta zo, ka ce su zurfafa ramin. Ko guntun kasko kada ka kafa a kaina, kar wani ya san inda nake."