Kwarin da Na Cire daga Taswira

A garinmu ba mai kiran 'yan sanda ya ba da lambar gida. Mutum zai ɗaga waya yana haki ya ce, "Darlene, turo mota bayan injin katako." Injin katakon ya ƙone tun kafin a haife ni. Wani ya ce, "Gidan da ke kallon jan doki," alhali dokin ya shekara goma sha biyar da mutuwa. Darlene ba ta tambaya sau biyu. Sai ta danna oba-oba, rediyon 'yan sanda, ta gaya wa ɗan sanda inda zai karya kwana, da ramin da zai kauce wa, har da sunan karen gidan.

Darlene Caudill mahaifiyata ce. Shekara ashirin da biyu tana zaune a ƙaramin ɗakin waya na ofishin 'yan sanda, tsakanin injin kofi da taga mai kallon bola.

Ni ne Coy. Shekara guda da gama sakandare ina canza taya a garejin bakin gada. A watan Afrilu kuɗin tallafi ya zo wa majalisar gari daga jiha. Za a sa kwamfutar hannu mai taswira a motocin 'yan sanda uku, a ɗauki sabon ɗan sanda ɗaya, a kuma ɗauki mutum na wata shida ya bi kowane kwari, ya kafa wa kowane gida koren allo mai lamba, ya shigar da shi taswira tare da sunan da mutane ke kiran wurin.

Oga Ratliff, shugaban 'yan sanda, ya same ni a ƙarƙashin wata mota.

"Kai, ɗan Darlene, ba ka gaji da warin roba ba?"

"Na gaji, yallaɓai."

"To ka zo Litinin. Ka yi wanka."

Litinin na sa hannu. Alhamis na je zaman majalisa don in ji an ambaci sunana. Ba a ambata ba. Kansila Stamper, mai shagon kayan gini, shi ya karanta sharaɗin: da zarar taswira ta kammala, aka gwada aka ga ta yi, duk kira zai koma babbar cibiyar gunduma, a rufe ɗakin waya na gari.

"Ɗakin ma daidai ajiye kujerun biki," in ji shi.

Aka yi dariya. Mama na layi na biyu, jaka a cinya. Ita ma ta murmusa.

A hanyar gida na ce, "Kin sani?"

"Na sani."

"Shi ne kika bar ni na sa hannu?"

"Aiki ne, Coy. Kalli hanya."

Haka muka fara. Kullum da safe tana soya ƙwai tana zayyano mini sunaye, ina rubutawa. Gangaren Mai Zuma. Inda babbar mota ta zubar da kankana. Gadar da ba gada. Ta faɗi mai gidan, ta faɗi wanda ya auri 'yarsa, ta faɗi ko akwai bindiga a bayan ƙofa. Ba ta riƙe komai. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta ɓoye ko guda ɗaya, da na samu sauƙi.

Daga nan in ɗauki a-kori-kurarmu, alluna a baya, guduma a gefen kujera. In kafa, in ɗauki hoto, in danna. Duk allon da na buga sai in ji kamar kujerarta nake cire wa ƙusa. Ba na iya zama in ci abincin rana. In tsaya a bakin rafi, in sake tashi, in kunna rediyo, in kashe.

Sabon ɗan sandan, Kowalski, daga babban birni ya zo. Mutumin kirki ne, amma ko gabas bai sani ba a nan. Ina jin su ta oba-obar da aka ba ni.

"Anti Darlene, ga ni a gaban coci."

"Wanne? Bakwai gare mu."

"Fari."

"Duk farare ne, ɗan birni. Akwai tayar tarakta a gaba da furanni a ciki?"

"Akwai."

"To ka wuce da mil biyu. Juyo a hankali, kada ka taka kajin mutane."

"Ranar da taswirar nan ta fito na huta da gorinki."

"Ranar kuma ka rasa mai tuna maka ka ci abinci."

Dariya suke yi. Ni ban ga abin dariya ba.

Cikin wata na biyar na isa Kwarin Sizemore. Gidaje goma sha ɗaya. Hanyar ta ratsa ta cikin ruwa sau biyu, sannan ta rabu a gindin wata ruɓaɓɓiyar bas da itace ya tsiro ta cikinta. Hannun dama gidaje, hannun hagu tsohon ramin kwal da ba kowa. Na tsaya a gaban bas ɗin, inji na kunne. Oga ya riga ya faɗa cewa ranar gwaji zai zaɓi wuri mafi wuya a tura Kowalski da kwamfuta kawai. Kowa ya san wurin da ya fi wuya.

Ban sauka ba. Na juya mota. Allunan goma sha ɗaya na tura su ƙarƙashin tamfol, na ɗora tsohuwar taya a kai. A taswira na bar wurin kore fetal, kamar daji. A takardar rahoto na sa alamar an gama.

Sati uku ina yawo da su. Duk ramin da na faɗa sai su yi ƙara.

Ranar gwaji Juma'a ce, ƙarfe goma na safe. Kansiloli biyar suka cika ɗakin waya, kowa da kofin kofi. Aka ce Mama ta zauna amma kada ta taɓa oba-oba. Ta naɗe hannu. Wuri biyu na farko Kowalski ya same su tun kofi bai huce ba. Stamper har da tafi.

Sai Oga ya ce, "To, yanzu gidan Iya Opal Sizemore, bayan ruɓaɓɓiyar bas."

Muryar Kowalski ta fito ta oba-oba.

"Yallaɓai, babu shi a nan."

"Sake dubawa."

"Na rubuta Sizemore, na rubuta bas. Daji yake nuna mini."

"Nemo shi dai."

Minti goma. Ashirin. Ya ce ya shiga ruwa, ya ce ya fito, ya ce ga shi a gaban wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo da allon gargaɗi. Ya bi hagu ke nan. Ina tsaye jikin bango. Ban kalli Mama ba. Ina jin ƙarar agogon bango, da ƙafar Stamper tana buga ƙasa.

Da aka kai minti arba'in Oga ya ce, "Darlene, fito da shi."

Ta jawo oba-oba. "Koma baya har bas. Bi dama. Gida na huɗu, mai shuɗin lilo a baranda. Karen sunansa Janar, ba ya cizo."

Minti uku ya isa.

Oga ya juyo. "Coy, me ya faru?"

"Ina jin na'urar ce, yallaɓai. Wani lokaci ba ta ajiyewa."

Stamper ya ajiye kofi. "Ni dai ba zan sa hannu a rufe ɗakin nan a kan wannan ba. A ɗage zuwa baɗi, a kira masu na'urar." Sauran suka gyaɗa kai. Wata kansila ta dafa kafaɗar Mama ta ce ashe har yanzu ba a yi injin da ya kai ta ba.

Abin da na so ke nan. Na fita waje ina jira in ji daɗi. Bai zo ba.

Ƙarfe biyu Mama ta tashi aiki. Ta same ni a wurin ajiye motoci.

"Ba ni makulli."

"Ni zan tuƙa."

"Ba ni, na ce."

Kafin ta shiga ta zagaya baya, ta ture tayar, ta ɗaga tamfol. Ta daɗe tana kallo. Ta mayar.

"Sati uku ina jin ƙarar ƙarfe a bayan motar nan," in ji ta. "Na ɗauka salansa ce. Shiga."

Ba gida ta nufa ba. Muka wuce gada, muka wuce coci mai tayar tarakta. Ta shiga ruwa ba ta rage gudu ba, ya fantsamo har gilashi. A gindin bas ta bi dama.

"Don ke na yi," na ce.

"Na sani."

"To?"

Ta tsayar da mota a gida na huɗu.

Iya Opal na kan lilo, robar iska a hanci, tukunyar iskar a gefenta. Janar ya taso yana kaɗa wutsiya.

"Darlene! Yau da ƙafarki? Wannan ne ɗan naki? Tsawo kamar falwaya, ba nama. Ba kya ba shi abinci ne?"

"Yana ci, Iya. Tunani ne ke cinye shi."

"Ku hau ku zauna, akwai wake da burodin masara. Ɗazu wani yaro ya zo da motar 'yan sanda, duk ya jiƙe, wai gwaji suke yi. Na ce ɗana, gara da gwaji ne. Da gaske ne da ka tarar da ni yadda aka tarar da Virgil." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na san Baba Virgil, mijinta. Na san zuciya ce ta kashe shi, hunturun bara waccan. Ni na kai tukunyar wake gidan makoki. Na kalli Mama.

Ta ce, "Iya, bari mu ɗauko abu a mota."

A bayan mota ta tsaya, ta dafa ƙarfe.

"Ka tuna lokacin da aka yi mini aiki a ciki?"

"Na tuna."

"Kwana tara ba na nan. Aka kawo wani ya zauna a kujerata, yaron kirki, ba ɗan nan ba. Opal ta kira ta ce bayan ruɓaɓɓiyar bas. Bai san wata bas ba. Motar asibiti ta bi hagu, kamar Kowalski yau. Minti hamsin. Ina kwance ana ba ni romo a cokali."

"Ba laifinki ba ne."

"Ban ce laifina ba ne. Na ce gari guda yana cikin kan mace ɗaya mai hawan jini." Ta ja tamfol ɗin gaba ɗaya ta yar a ƙasa. "Ni na samo takardar tallafin nan, Coy. Ni na zaunar da Ratliff ya cika ta, na gyara masa rubutu. Sharaɗin rufe ɗakin na karanta shi kafin kowa."

Na rasa inda zan sa ido. Na kalli rafi, na kalli takalmina.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da ka karɓi aikin?"

Da ban karɓa ba. Ta san haka.

"To ke fa? Ina za ki?"

"Shagon magani na neman mai tsaron kanta."

"Tsayuwar awa takwas, da wannan gwiwar taki?"

"Gwiwata ce." Ta zaro allo na farko ta duba lambar. "Litinin za ka je wajen Ratliff ka gaya masa da bakinka. Ba na'ura ba ce, kai ne. A sake gwajin cikin watan nan."

"Zai kore ni."

"Yana iya yi. Ɗauko guduma."

Na ɗauko. Ta riƙe allon a jikin ginshiƙin ƙofar shingen Iya Opal, na sa ƙusa. Bugun farko na kuskure na sami katako. Na biyu ya shiga.

"Ya karkace!" Iya Opal ta ƙwala daga baranda. "Ɗaga hagu! Shekara sittin ba ni da lamba, yau kuma a ba ni karkatacciya?"

Mama ta ɗaga hagu. Na ƙarasa bugawa, na ɗauki hoto, na buɗe taswira. Wurin na nan kore fetal. Na sa ɗigo, na rubuta lamba, na tsaya a gurbin suna.

"Bayan ruɓaɓɓiyar bas, hannun dama, gida na huɗu," in ji Mama. "Sa shuɗin lilo. Sa cewa da iskar asibiti take numfashi, a zo da tukunyar iska. Sa Janar."

Na sa. Na danna ajiyewa, na ga ɗigon ya zauna.

Ta ɗebi alluna uku a hammata ta kama hanya a ƙafa, tana ɗan ɗingishi. Saura gida goma. Na kwashi sauran da ƙusoshi na bi ta.

"Na gaba gidan Elzie ne," ta ce ba ta waiwayo ba. "Kurma ne, ba ya jin ƙwanƙwasa ƙofa. Rubuta a zagaya ta taga."